Masu Hannu da Shuni

Idan Bahaushe yana so ya ce mutum mai arziki ne, sai ya ce mai hannu da shuni ne. Kullum muna jin wannan magana a kasuwa da cikin rediyo, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi inda ta fito. Shuni dai daga ganyen baba ake samunsa, da shi kuma ake rina tufa. A zamanin kakanninmu, wanda ka gani da shuɗin hannu, ko dai marini ne mai ramukansa a karofi, ko falke mai cinikin baƙaƙen tufafi, ko kuwa mai halin sayen rigar da ke zuba a jiki. Ba wanda yake kwana da yunwa a cikinsu. Yau kuwa, in ka ga mutum da shuni a farce, galibi tsoho ne wanda kasuwa ta juya wa baya. Maganar ta zauna daram a bakinmu, sana'ar da ta haife ta kuwa tana ƙarewa a gaban idonmu.

Ni ba marini ba ne, ban kuma gāji allura ba. Mahaifina manomi ne a ƙasar Maradi, ni kuwa aikin katikis nake yi, iyakar karatuna na boko shi ne firamare ta mishan. Amma shekara goma sha biyu ke nan, idan na gama aikin yini, nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ɗauki ɗaya daga cikin abu uku: ko in haɗa ƙyallaye su zama bargo, ko in shirya duwatsu a zare, ko in duba randar baba da na kafa a bayan ɗaki. Ba na sayarwa, ba kuma wanda ya sa ni. Marmari ne kawai. Mutane da yawa sun tambaye ni amfanin wannan ɗawainiya, wasu da dariya, wasu da tausayi. Na daɗe ina juya amsar a raina, ga kuma abin da na samu: sana'ar da ta daina ciyar da gida, ba mai iya riƙe ta sai wanda ba ya jiran ta ciyar da shi. Bari in bi ayyukan nan ɗaya ɗaya, domin mai karatu ya auna da kansa.

Bargon ƙyallaye

Wata rana ana kwance dilar gwanjo a kasuwa, wanda mu a nan muke kira bosho, sai na ga wani bargo da ban taɓa ganin irinsa ba. Samansa guntayen yadi ne kala-kala aka harhaɗa, ƙasansa yadi ɗaya, tsakaninsu kuma auduga, an bi shi duka da ɗinkin hannu layi layi don kada audugar ta tattaru wuri guda. Mai kayan ya ce daga Amurka dilar ta fito. Na saye shi da arha, gama mutane sun ɗauka tsumma ne. Da na kai gida na dudduba ɗinkin, sai na ga ai na san shi. Wannan ɗinkin lifidi ne.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram, ko ya ga dawakin fadar Dosso, ya san lifidi: wannan rigar doki mai kauri, wadda ake cusa wa auduga ko audugar rimi tsakanin yadi biyu, a ɗinke ta gida gida, sau da yawa samanta ja da rawaya da fari ne aka yanka aka jera. A dā maganin kibiya ne. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin yaƙin Kano. Wato shekara ɗari shida ke nan da hannun Bahaushe ya san wannan ɗinki. Mu muka rufa wa doki, waɗansu kuma suka rufa wa 'ya'yansu.

Daga baya na karanta labarin wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka. Matan ƙauyen baƙaƙe ne, jikokin bayi, talauci ne ya sa suke yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan yadi su haɗa barguna saboda sanyi. Ba su ɗauki abin a bakin komai ba. A 2002 aka rataye bargunansu a wani babban gidan nuna kayan fasaha a birnin Houston, a 2006 kuma gidan waya na ƙasar ya buga hotunansu a kan sarki. Abin da ya kai bargunan nan ga wannan matsayi shi ne uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika, igiyar ba ta tsinke ba.

Ga yadda nake yin nawa. Ina da abokai teloli biyu da suke tara mini ragowar yadi a buhu maimakon su ƙone. Abu na fari, sai a wanke ƙyallayen duka, domin sabon yadi yakan tsuke bayan wanki, wani kuma yakan zuba ya ɓata na kusa da shi. Sa'an nan a ware su bisa ga kauri: atamfa da atamfa, shadda da shadda. In ka haɗa mai kauri da marar kauri, mai kaurin zai yage ɗan'uwansa a bakin ɗinki tun bargon bai shekara ba. Nakan yanki kwali mai santimita 12 kowane gefe, in riƙa ɗorawa ina zanawa ina yankawa. Santimita ɗaya a kowane gefe na ɗinki ne, saura 10. Bargo mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi yana cin guntu 300, wato layi 20, kowane layi guntu 15.

Kafin in sa allura, sai in baje su a tabarma in jera, in tashi tsaye in duba daga nesa. A nan ne yara suke da baki, don idonsu ya fi nawa ganin inda ja ya yi yawa. Idan saman ya haɗu, sai a shimfiɗa shafi, a baza auduga shiɓaɓɓiya a kai ko tsohon bargo da ya sha jiki, a rufe da saman. Ɗinkin da zai kama su ukun daga tsakiya ake fara shi a yi waje, tazarar yatsa huɗu tsakanin layi da layi. Wanda ya fara daga baki, zai isa tsakiya ya tarar yadi ya taru masa kamar tozo. Audugar rimi tana da laushi, amma ba ta son wanki, gara a bar ta ga matashi.

In na ba aikin awa ɗaya kowane dare, bargo ɗaya yakan ci mako goma. Uwargida ta taɓa yi mini lissafi. Ta ce, "Maigida, in da leburanci ka yi na awa saba'in, ai da ka sayi bargon kanti uku." Gaskiyarta ne, ban kuwa yi musu ba. Amma bargon da ɗiyarmu ta fari take rufa da shi da hunturu, a cikinsa akwai guntun zanen kakarta wadda ba ta tarar da ita a raye ba, akwai rigar makarantar wanta, akwai ankon bikin ƙanwar uwarta. Takan sa yatsa a kan guntu ta ce, "Baba, wannan na wane ne?" Daga nan sai labari ya tashi. Tarihin gidanmu ba a rubuce yake ba, a nan ne yarinyar take karanta shi.

Duwatsu da zare

Aikin duwatsu kuwa gyara ne ya jawo ni cikinsa. Tsofaffin mata sukan kawo mini rosarinsu da ya tsinke, duwatsun a ƙulle cikin bakin zane. Rosari duwatsu 59 ne, sai a ƙirga, a nemi madadin wanda ya ɓace, a sake shiryawa. Da maƙwabta suka ga haka, sai wani dattijo ya aiko mini da carbinsa mai 99, wanda ya gāda daga mahaifinsa. Na gyara, na mayar. Tun daga ranar ba a yi wata salla ba da ba a aiko mana da tuwo daga gidansa ba.

Abu biyu na koya a nan. Na fari, zaren roba na masu kamun kifi yana da ƙarfi, amma zafin ƙasarmu yakan busar da shi ya karye ba sallama. Zaren auduga riɓi huɗu, wanda aka murza da kakin zuma, ya fi shi daɗewa, ya kuma fi shi kwanciya a wuya. Na biyu, a riƙa ƙulli tsakanin dutse da dutse. Yana cin lokaci, amma ranar da zaren ya tsinke, dutse ɗaya ne zai faɗi, ba za a durƙusa ana tone rairayi ba.

Da hannu ya saba, sai na fara tambayar asalin duwatsun da kansu. Iyayenmu mata sun san tsakiya da murjani da jigida, sun san na gaske daga na jabu ta wurin nauyi, da sanyinsa a kumatu, da ƙarar da yake yi a haƙori. A Bida, ƙasar Nufe, akwai Masaga waɗanda suke narkar da kwalba su yi duwatsu da awarwaro. A Gana kuma mutanen Krobo sukan daka kwalba ta zama gari, su zuba cikin 'yan ramuka na yumɓu, su tsaya da ƙaramin tsinken ganyen rogo a tsakiya. In an gasa, tsinken ya ƙone, sai ya bar kafar da zare zai bi. Ana cin kasuwar duwatsun nan ran Alhamis a Koforiduwa. Yau 'yan matanmu roba suke sawa, mai kyalli kwana bakwai. Tsohuwa takan mutu ta bar tsakiya a cikin kumbo, magada su sayar da ita kuɗin goro, gama ba wanda ya gaya musu ko mene ne a hannunsu.

Randar baba

A bayan kasuwar garinmu akwai wani fili da har yanzu ake kira karofi. Sa'ad da nake yaro, ramuka kaɗan ne suka rage ana aiki a cikinsu, amma warinsu yakan tare ka tun daga nesa. Yanzu duk sun cika da shara da leda. Marini ɗaya ya rage a raye, gwiwa ta hana shi aiki, 'ya'yansa kuma wani yana kabu-kabu, wani yana sayar da kayan waya. Sau uku ina zuwa gaishe shi da goro kafin in faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya dube ni ya ce, "Malam, me za ka yi da wannan wahala? 'Ya'yan da na haifa ma sun guje ta."

Na ce, "Baba, so nake in sani."

Ya ce, "Sani ba ya cika tukunya."

Na ce, "Tukunyata dai ana ɗan sa mata wani abu ƙarshen wata, ko da ba ta cika ba. Abin da kuka sani ne ba na so ya ɓace."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in dawo bayan kaka da tokar karan gero kwando biyu.

Ba ni da halin haƙa rami in shafe shi da laso kamar yadda marina suke yi, don haka babbar randa na samu na binne rabinta a ƙasa. Ana yankan baba ƙarshen damina, a daka ganyen, a dunƙula, a shanya. Ana tace ruwan toka kamar yadda mata suke yi don miya, sai dai wannan ya fi ƙarfi. Tsohon ba ya awo da komai sai yatsa da harshe: in ruwan ya yi santsi tsakanin yatsu kamar sabulu, ya kuma ɗan ciji bakin harshe, to ya yi. A zuba baban a ciki, a rufe, a riƙa motsawa da muciya safe da yamma, a hankali, ba a bugunsa kamar ana kaɗa miya. A lokacin zafi, cikin mako guda sai kumfa ya taso, shuɗi mai ƙyallin jan ƙarfe, wari kuma ya cika bayan gida. Marina na gaske sukan ƙara katsi, wato laka da ke kwantawa a gindin rami, wadda ake kwasowa a shanya a ƙone. Ba abin da ake zubarwa a karofi.

Abin mamaki yana wurin tsomawa. Ka sa farin yadi cikin ruwan, ka matsa shi a hankali a ƙarƙashi, ka fito da shi, sai ka gan shi kore-kore mai ruwan ɗorawa. Kana riƙe da shi a iska, a gaban idonka, sai ya juye shuɗi. Yaran unguwa sun ce dabo nake yi. Dalilin kuwa shi ne, shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba ya iya shiga zare yadda yake. A cikin randar akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna cin ruɓaɓɓen ganye suna cinye iskar da ke cikin ruwan. Rashin iskar nan, tare da kaifin toka, shi ke sauya shunin ya narke ya ratsa zare. Da ya fito ya sha iska, sai ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki, ruwa ba ya iya fitar da shi kuma. Tsohon bai taɓa jin wannan bayani ba, amma duk dokokinsa a kansa suke tsaye. Kada ka fantsama ruwan. Kada ka bar yadi ya ɗiga cikin randa daga sama. Da hunturu ka naɗe ta da buhu, gama baba yana jin sanyi. In ta yi rauni ka bar ta ta huta. Shi yakan ce rami rai gare shi, ashe kuwa haka ne.

Ba a samun baƙi da tsomawa ɗaya. Sai a tsoma, a shanya, a sake tsomawa, sau goma ko fiye, kowane zuwa yana ƙara duhu. Wanda ya bar yadi ya kwana a ciki don ya huta da kai da kawowa, abin da zai samu mai zuba ne. In ana son zane, sai a ƙulle tsakuwa ko ƙwayar wake cikin yadin da zare, ko a yi ɗinki a ja shi ya tattare, inda zaren ya matse baba ba ya shiga. Ranar kwancewa gidanmu kamar ranar suna yake, kowa yana so ya ga abin da ya fito. Nan ne kuma na gane karin maganar nan da ake cewa, a rina, an saci zanen mahaukaciya. Ɓarawon zane a dā marina yakan nufa, gama abin da ya shiga baba, mai shi ma ba ya shaida shi.

Ban tsaya ga baba kaɗai ba. Saiwar rawaya tana ba da launin da ya ci sunanta. Karan dafi, wanda dukawa suke jan fata da shi, yana ba da ja. Bagaruwa in ta haɗu da ruwan da tsohon ƙarfe ya yi tsatsa a ciki, sai ta ba da toka-toka har zuwa baƙi. Duk waɗannan suna cikin dajinmu da gonakinmu, amma a kan auduga ba wanda ya kai baba riƙo.

Yadda kasuwa ta juya

Domin mu san girman abin da muke magana a kai, sai mu tuna da Kano. Masu marinar Ƙofar Mata suna cewa tun 1498 ake rini a wurin. Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Tasawa ya isa Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Garin Kura, kudu da Kano, ya yi suna wajen turkuɗi da rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda ake barbaɗa wa shuni a buga shi a mabuga har ya yi ƙyalli kamar ƙarfe. Shi ne Buzaye suke naɗawa, yana zuba a fuskarsu suna alfahari da shi. Manomin baba, da mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da mai bugu, da falke, duk a kan zane ɗaya suke ci.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ba tare da ganye ko ɗaya ba. Kafin shekara ashirin, manyan gonakin baba na ƙasar Indiya sun durƙushe. Mu namu ya ɗan jima, gama muna nesa da teku, amma yadin kanti ya zo, galurar gwangwani ta zo, daga baya bosho ya zo ya rufe. Ba na zagin ko ɗaya daga cikinsu. Talaka da ke da 'ya'ya bakwai, arha ita ce sutura. Ba na kuma ganin laifin ɗan marinin da ya hau babur, gama aikin mako biyu da za a saya kuɗin aikin yini ɗaya, ba mai iyali da zai zauna a kansa.

Amma ina da gargaɗi ga 'yan'uwa mata da suke rinin zamani a gida, don yanzu ƙungiyoyi da yawa suna koyar da shi. Galurar kanti da soda mai ƙuna ake haɗa ta. Wannan soda tana cin fata, tana makantar da ido. A sa safar hannu ta roba. A zuba soda cikin ruwa kaɗan kaɗan, kada a zuba ruwa a kan soda. Kada a zubar da ragowar kusa da rijiya ko inda dabbobi suke sha. Fiye da kome, kada a ajiye ta cikin kwano ko kwalbar abin sha inda yaro zai kai hannu. Kamarta ɗaya da sukari, ruwanta kuma kamar ruwan sha, yaron da ya haɗiye ta kuwa maƙogwaronsa yakan ƙone ya tsuke, wani har ƙarshen ransa ba ya cin tuwo.

Masu dariya da abin da ya rage

Waɗansu sun ce mini allura aikin mata ne, bai dace da magidanci ba. Su ne ba su san gidansu ba. A ƙasar Hausa mata ne suke kaɗi, amma saƙar sawaye, da rinin rami, da ɗinkin babbar riga, duk aikin maza ne. Malamai nawa ne suka ci abinci da aikin aska takwas a wuyan riga, almajirai nawa ne suke ɗinkin hula a gindin bishiya? Waɗansu kuma sun ce ba gadona ba ne. Gaskiya ne. Amma in magada sun ajiye kaya a bakin hanya, wanda ya ɗauka ya adana bai yi sata ba. Da zaman banza, in ji Hausawa, gara aikin kishiya, balle wannan da ba kishiyar kowa ba ce.

Ba na ruɗin kaina. Randata ɗaya ba za ta mayar da karofi ba, baƙina kuma bai kai rabin na tsohon nan ba, shi da kansa yakan duba ya girgiza kai ya ce da saura. Mai yi don marmari ba ya zama gwani kamar wanda ya yi shekara arba'in hannunsa cikin rami. Abin da yake iya yi shi ne ya riƙe iri. Manomi ya san bambancin hatsin ci da hatsin iri: na iri damin kaɗan ne, ba ya ƙosar da kowa, amma gidan da ya cinye shi a shekarar yunwa, ko ruwa ya dawo ba shi da abin shukawa. Yau a ƙasashe da yawa mutane sun koma neman tufa da aka rina da ganye, suna biya da tsada. Ko kasuwar nan ta iso mu ko ba ta iso ba, ya kamata a samu wanda ya san yadda ruwan toka yake ciji a harshe. Irin wannan sani ba ya zama a takarda, sai hannu ya karɓa daga hannu.

Akwai kuma ribar da ban nema ba. Sa'ad da hannu yake aiki, baki yakan sake. Ɗana na biyu ba mai magana ba ne, in ka zaunar da shi ka ce ya faɗi damuwarsa, sai ya dubi ƙasa. Amma in yana riƙe mini bakin bargo ina ɗinki, ba mai kallon idon wani, sai ka ji ya fara ba da labarin makaranta, har ya kai ga abin da ke cin ransa. Samari biyu daga unguwa sukan zo ran Asabar su taya ni tsoma yadi, awa biyu cur wayarsu tana aljihu, domin hannu mai baba ba ya taɓa waya. Tsohon marinin ma, wanda dā yake wuni shi kaɗai a zaure, yanzu yakan sa a kawo shi a kan babur ya duba randa, ya yi mana faɗa, ya koma gida da fara'a.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga roƙona. A kowane gari namu, ko a Nijar, ko a zangon Kumasi, ko a Garwa, akwai tsoho ko tsohuwa da ke riƙe da wani sani wanda ba mai tambaya: mai kaɗi da mazari, mai saƙar faifai, mai jima, mai yin sabulun salo. Kada mu jira sai an yi sadakar bakwai mu fara cewa wane gwani ne. Ku sayi goro ku je gaisuwa. Ku tafi da yaro ɗaya, ku bar shi ya ɓata hannunsa. Mai waya ya ɗauki muryar tsohon da hoton hannunsa yana aiki, amma kada ya tsaya nan, ya koma gida ya gwada. Ba sai kun bar aikinku ba, awa ɗaya bayan tuwon dare ta isa. Wanda ba shi da komai ya fara da buhun ƙyallaye daga wurin tela, da allura, da zare ƙwarya ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba tsofaffinmu tsawon rai, mu kuma ya ba mu kunnen ji tun suna nan.